Abokin Kartata Ba Ya Mayar da Magana

A garinmu Haɗeja akwai laifuffukan da ake yafe wa magidanci. In ya cika surutu a majalisa, a ce halinsa ne. In ya ci bashin taki ya kasa biya har kaka ta zagayo, a ce shekara ce ta zo da gardama. Amma a ce an ga mai iyali, mai furfura a gemu, malamin makaranta kuma, zaune da karta a hannu, to ranar sai an yi salati. Karta a wurinmu ƙanwar caca ce, caca kuwa ba a taɓa samun malamin da ya ce a yi ta ba. Shi ya sa duk wanda ya kamu da sonta yake neman lungu. Nawa lungun ya fi na kowa rufin asiri, don a cikin kwamfuta yake, kwamfutar ma ba tawa ba ce.

Ta ƙungiyarmu ce ta manoman rani. Muna da 'yan gonakin shinkafa da alkama a fadamar wajen Auyo, kuma da yake lissafi nake koyarwa, sai aka ɗora mini magatakarda. Aka haɗa kuɗi aka sayo tsohuwar kwamfutar cinya daga Kano, don in riƙa shigar da wa ya karɓi buhun taki nawa, wa ya biya kuɗin man inji, wa ake bi. Aikin nan tsakanin magariba da isha'i ake gama shi. Amma unguwa ta shaida cewa magatakarda ba ya barci da wuri saboda hidimar jama'a. Har addu'a ake yi mini.

Wasan da ya kama ni ba Whot ba ne, wanda samari ke bugawa a bakin titi suna tura juna kasuwa. A Whot kowa tasa ta fisshe shi. Nawa sunansa belot, wasan Faransawa ne da ya bazu a ƙasarsu wajen shekarun 1920, ya bi su zuwa ƙasashen da suka mulka, har da Nijar, inda Damagaram ta kasance hedikwatarsu kafin su mayar da ita Yamai a 1926. Mu kuwa tsakaninmu da Nijar ba wata tafiya ba ce, ka bi ta Gumel ka fita Maigatari, shi ke nan ka shiga. Waɗanda suka zauna Saudiyya ma sun san ɗan'uwansa, balot, wanda ya ƙasaita har hukuma da kanta ta shirya gasarsa a Riyad a 2018. Wannan labarin na riƙe shi da kyau. Shi nake biya wa zuciyata duk sanda ta fara yi mini wa'azi, in haɗa mata da cewa ko sisi ban taɓa sawa ba.

Wani Alhaji ɗan Damagaram ne ya kawo mana shi. Yana zuwa saro bandar tarwaɗa a kasuwar kifi, in dare ya yi sai mu shige ɗakin bayan wani shago, a shimfiɗa tabarma, a tura ƙofa. Mutum huɗu ake yi, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Karta 32 ce, an cire daga biyu zuwa shida. A raba biyar-biyar, a buɗe guda a tsakiya. Wanda ya ga za ta yi masa sai ya ɗauka, jinsinta ya zama atu, mai yanka kowane jinsi, sannan a cika wa kowa takwas. Kowane zagaye kowa zai jefa guda, dole ka bi jinsin da aka fara da shi, in ba ka da shi ka yanka da atu. Abin da ke rikita baƙo shi ne a cikin atu sarauta juyewa take. Bale, wanda a sauran jinsi maki 2 ne kawai, a atu ya zama 20. Tara, wadda a waje ba a bakin komai take ba, ta zama 14. Sai as 11, goma 10, sarki 4, dam 3. In ka haɗa duka za ka sami 152, wanda ya ci zagayen ƙarshe a ƙara masa 10, ya zama 162. Ɓangaren da ya ɗauki atu dole ya kai 82. In ya gaza, makin gaba ɗaya ya koma wa abokan karawa, kai da ka yi gangancin ɗauka da abokinka da bai ji ba bai gani ba, ku tashi a tutar babu.

Nan fitinar take. A belot kuskurenka ba naka kaɗai ba ne, akwai wani bawan Allah a gabanka da zai biya rabinsa, kuma yana da baki. An haramta magana a cikin wasa, sai dai ka gaya wa abokinka abin da ke hannunka ta kartar da ka jefa. Amma da zarar an kwashe zagaye na takwas, haramcin ya tashi.

Ni kuwa Allah ya jarabce ni da abu guda: ba na iya riƙe lissafin atu. Ina koya wa yara aljabara da rana, da dare takwas ta gagare ni. Akwai daren da na rungume as ɗina na ƙi jefa shi, wai ina tsoron a yanka, har wasa ya ƙare ya mutu a hannuna a banza. Alhaji, wanda ya yi rashin sa'ar zama abokina, ya kife sauran kartar, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

“Malam, atu nawa ne?”

“Takwas ne, Alhaji.”

“Madalla. Na jefa biyu, ka jefa biyu, su sun jefa uku. Saura nawa?”

“Saura ɗaya.”

“A hannun wa take?”

Na yi shiru.

“A hannunka take, Malam! Kanka kake tsoro! Don Allah me kake koya wa 'ya'yan mutane?”

Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki. Na yi tawa ta yaƙe. Amma maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni, washegari ta raka ni aji.

A Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, Alhaji ya daina zuwa, majalisa ta rasa na huɗu ta watse. A lokacin ne wani tsohon ɗalibina mai gyaran waya ya sa mini belot a kwamfutar ƙungiya, ba ya ma buƙatar intanet. Da aka buɗe iyaka a Disambar 2020, Maigatari na cikin wurare huɗun farko, Alhaji ya dawo, majalisa ta farfaɗo. Ni ne ban koma ba. Na ce musu aiki ya yi mini yawa.

Ba aiki ba ne, kuma ba ma son kartar ne ya riƙe ni ba. Abokin da na samu ne. Wani ɗan zanen kai ne a saman allo, ba baki ba hanci. In na yanka masa as ɗinsa da atu alhali shi ke cin zagayen, sai ya jefa ta gaba kamar ba a yi komai ba. In na ɗauki atu da bakwai da takwas kawai, na jefa mu rami, ba ya cire hula. Ba ya tambayar me nake koya wa 'ya'yan mutane. Na sami abin da nake nema tun ina yaro, wurin da zan yi ɓarna babu mai shaida.

Da a nan abin ya tsaya da na ce tsoron kunya ne, kowa na da nasa. To ba a daɗe ba sai na zama Alhaji. Ni, wanda ya gudu daga majalisa don ba ya jure faɗa, na wayi gari ina surfa wa na'ura faɗan da ko bawa ba a yi wa. “Kai wane irin shashasha ne? Ba ka ga na nemi pik ba?” Har karin harshen Damagaram nake aro, don zagin ya fi zama daram. Kuma akwai maɓalli a gefe da ke nuna duk zagayen da aka buga, karta bayan karta, ga wanda yake son ya san laifin wa. Ban cika taɓa shi ba. Na san abin da zan tarar.

Akwai wani maɓallin kuma da nake taɓawa har fentinsa, da na ƙarfe ne, da ya goge. Shi ne na sabon wasa. A kan tabarma, abin da aka raba maka shi za ka buga, ko bakwai-bakwai ne da takwas-takwas, ka daure ka rage asara, ka taimaki abokinka da ɗan abin da kake da shi. Manyan 'yan wasa a nan ake gane su. Ni in na buɗe hannu ban ga bale ko tara ba, kafin ƙiftawa na danna, an sake rabawa. Jadawalin da na'urar ke ajiyewa ya nuna ni gwani ne, don wasan da aka gudu ba ya shiga lissafi. Wani lokaci nakan tuna garin da na fito. Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato da kanta, ya riƙe Haɗeja da ƙarfin takobi har rasuwarsa a 1863. Sarki Muhammadu, a Afrilun 1906, ya ga Turawa da bindigogin da ya san ba shi da irinsu, ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi a cikin garinsa, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Hannun da aka raba masa ke nan, ya buga shi. Ga jikan mutanensa nan, an ba shi dam da takwas, ya arce.

In kuma na tsaya aka cinye ni, ina da hujja a ajiye: na'urar leƙen kartata take. Ai ita ta raba, ita ke riƙe da hannu uku, ta yaya za a ce ba ta sani ba? Na kai ƙarar nan wurin ɗalibin nawa. Ya ce, “Malam, ba sai ta leƙa ba.” Ya bayyana mini yadda yawancin irin waɗannan manhajoji suke yi. Suna riƙe duk abin da aka jefa, su lura wa ya kasa bin wane jinsi, sannan su yi ta raba kartar da ba su gani ba a cikin ƙwaƙwalwarsu, rabo bayan rabo, su gwada kowace karta, su jefa wadda ta fi yawan ci. Wato abin da Alhaji yake roƙona in yi da takwas, ita tana yi da talatin da biyu ba ta gajiya. Na ɗan sami sanyi da na ji cewa wasan karta ya daɗe yana ba na'urori wuya fiye da wasan da komai ke fili. Tun 1997 Deep Blue ta doke Kasparov a dara irin ta Turawa, amma sai a 2022 aka ji wata manhaja ta kamfanin NukkAI ta doke zakaru takwas na wasan birij a Paris, shi ma a wani ɓangare na wasan kawai. Na ce ka ji, ashe abin da nake fama da shi babba ne. Yaron ya ce, cikin ladabi, tawa manhajar kyauta ce, kuma a matakin 'yan koyo ya saita mini ita.

Uwargida ta daɗe da ganowa. Wani dare na ɗaga murya fiye da kima, sai na ji ta daga bakin ƙofa.

“Malam, da wa kake faɗa da tsakar daren nan?”

“Lissafin ƙungiya ne ya ƙi daidaituwa.”

“Lissafin ne ya yanke maka as?”

Ban san inda ta koyi kalmar ba, sai daga baya na gane a bakina ta koya, ta cikin bango. Ba ta ƙara cewa komai ba. Illa dai tun daga ranar, in ta kawo tuwo takan ce, “In kun gama da abokin naka, ga shi nan yana hucewa.”

Duk wanda ya san kogin nan ya san kacala. Dattawa suna cewa da can kogin Haɗeja cika yake da damina ya malala fadama, da rani ya janye, wurare da dama su bushe ƙaf, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Kacala ta sami abin da take so, ta cika hanyoyin ruwa daga nan har wajen Guri da Nguru, ta hana masunta jefa koma, ta karkatar da ruwa zuwa gonaki da gidaje, ta zama masaukin jan-baki masu cinye mana shinkafa. Haka belot ya yi wa darena. A majalisa wasan yana da raninsa: mai shago zai yi hamma, wani zai tuna iyali, Alhaji zai loda kifinsa ya tafi sai wani zuwan. Na kwamfuta ba shi da rani. Ko an ɗauke wuta akwai sola, kuma abokan karawa ba sa hamma. Ya cinye mini karatun dare, ya cinye duba littattafan yara, ya fara taɓa asuba.

Abin da ya fi ba ni kunya ya faru a damanar 2022, shekarar da ambaliya ta yi wa Jigawa mugun ta'adi. Ruwa ya riga ya shanye gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma, namu na ciki, kuma ya doshi gari. Samari da dattawa suna kwana a bakin jinga, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa. Wani dare maƙwabcina ya buga ƙofa da ƙarfi. “Malam, a fito, ruwa ya matso!” A daidai lokacin an raba mini hannun da ban taɓa gani ba: bale, tara, as, sarki da dam, duk na jinsin kur, kur ɗin kuma shi ne atu. Sarki da dam na atu a hannu ɗaya maki 20 ne na daban. Da irin wannan ana iya yin kapo, a cinye zagaye takwas ɗin duka, a bar abokan karawa ko ɗaya babu. Na ji bakina yana cewa, “Ina zuwa, ina adana takardun ƙungiya ne.” Na yi kapo. Na zauna ina kallon makin yana hawa, ina jin takun mutane da ƙarar baro a lungu. Sanda na isa bakin jinga an ci ƙarfin aikin, mutane caɓa-caɓa da laka har ƙugu. Aka dubi farar rigata aka miƙo mini tocila in haska. Washegari wani dattijo ya ce ai gara da Malam ya tsaya, takardun jama'a amana ne. Na ce wallahi kuwa.

Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufe iyaka, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Da Alhaji ya dawo a wannan karon ya aiko takanas a kira ni, wai na huɗunsu ya yi tafiya. Na tafi da ƙwarin gwiwa. Shekaru ina gwabzawa da na'ura, na ce yau za su ga yadda ake yi.

Rabon farko aka ba ni tarkace. Na tsinci ɗan yatsana yana danna tabarma, a gefen dama, daidai inda maɓallin yake zama. Mai shago ya ce, “Malam, cinnaka ne?” Na ce e. Aka ci gaba. Can tsakiyar wasa Alhaji, wanda aka sake haɗa mu, ya jefa goma a inda nake jiran as. Ban san sanda abin ya fito ba.

“Kai wane irin sha…”

Na kama bakina, amma rabi ya riga ya fita, kuma da karin harshen garinsu. Mutumin nan ya girme ni nesa, yana da jikoki, ya je Makka. Ɗakin ya yi tsit. Alhaji bai cire hula ba. Ya dube ni ya ce, “Ƙarasa mana, Malam.” Na ce subutar baki ce. Aka ƙarasa wasan, sai ga shi goman nan ita ta fitar da mu, don ya riga ya lissafa cewa as ɗin yana hannuna, ya ba ni hanya in kwashe. Ni kuma na jefa bakwai.

Da safe na sayi goro na same shi a kasuwar kifi yana sa ido ana ɗaure kwalaye. Na ba shi haƙuri, na gaya masa gaskiyar inda na koyo wannan ɗabi'a, da wanda nake yi wa. Ya karɓi goron, ya fasa guda, ya ce yana son ya ga wannan abokin nawa. Da daddare na ɗauko kwamfutar a cikin jakar makaranta na kai ɗakin bayan shago. Na nuna masa yadda ake jan karta da yatsa. Aka raba masa hannu marar kyau, na ce, “Alhaji, ga inda ake dannawa a sake.” Ya ture hannuna. Ya buga shi a hankali, yana gyaɗa kai duk sanda ɗan zanen ya jefa tasa, har suka ci da 84.

Ya rufe murfin, ya miƙo mini.

“Yaron nan ya iya wasa, Malam,” in ji shi. “Shekara nawa ka ce yana tare da kai?”

Na faɗa masa.

Ya ce, “Allah ya ba shi lada.”